Sakatar Nomau

Ni mai walda ne a Talata Mafara,
rumfata na kan hanyar tasha.
Da can gadon ƙarfe nake yi, da tagogi,
da ƙafar baro in ta karye.
Shekara huɗu ke nan
ba a tambayata sai sakata.

Ba 'yar siririyar nan ta makewayi ba
mai kukan ɓera.
Wadda ake gittawa bango zuwa bango,
kauri kamar damtsen yaro,
kunnuwanta biyu binne cikin siminti.
In ta faɗa mazauninta
sai ƙasa ta amsa.

Ran wata kasuwa Nomau ya zo
daga wani ƙauye can bayan Bakura,
da awon ƙofarsa a jikin karan dawa,
da kuɗin tunkiya ƙulle a bakin zani.
Ya ce, "Yi mani wadda ko raƙumi ya jingina
ba ta rusuna mashi."

Na yanko ƙarfen tsohuwar tarakta.
Janareta ya sha galan guda,
wuta ta ci idona, kwana biyu ina hawaye.
Da na gama na buga ta da guduma,
ta yi ƙara har mai shayi ya waiwayo.
Bakina ya riga ni, na ce,
"Wannan, Nomau, sai dai a zare ta daga ciki."
Ya yi dariya, ya ɗaure ta a bayan babur,
ta fito dama da hagu kamar ƙahon bajimi.

Bayan an yanke gero ya dawo da ita
a kafaɗa, a ƙasa, ba babur.
Ya ajiye.
"Auna ta a kilo. Kuɗin mota nika so."

Na bi ta da babban yatsa,
gaɓa gaɓa, inda na ɗinke.
Ba tsaga. Ba lanƙwasa.
Na ce, "Ta ci amana?"
Ya ce, "A'a.

Sun zo dare ya raba.
Sun doka da gindin bindiga, ta tsaya.
Sun jawo turmin maƙwabta,
su uku, suna ɗagawa suna saki, ta tsaya.
Cikin duhun nan har na ji daɗi,
na ce kuɗin tunkiya sun halatta.

Sai suka yi shiru.

Labbo ya kwana wajen kakarshi ran nan.
Shekararshi tara.
Na ji shi daidai kafar makulli:
Baba, ni ne.
Bai yi kuka ba. Sau biyu ya faɗa.

Ka san da ka ba ni ita
sai da muka kama mu biyu?
Da hannu guda na ɗaga ta."

Sikeli ya ce kilo goma sha ɗaya.
Na ba shi kuɗin tunkiyarsa cif,
bai ƙirga ba.
Ban tambayi Labbo ba, harshena ya ƙi.
A tsallaken titi akwai wani yaro
zaune kan ƙullin tabarmi da tukwane.
Ko shi ne, ko ƙanensa,
motar Gusau ta cika kafin in sani.

Tana nan jingine a lungun rumfa,
tsatsa ta fara yi mata lalle.
Masu saye kan ɗaga su jinjina,
in ce wannan ba ta sayarwa ba ce.
Ina yin wasu, ai ciki ba ya hutu.
Ina faɗin kuɗi, ina cewa Allah ya tsare,
waccan maganar dai na bar ta.

Da dare, kafin in gitta tawa,
sai na haska tocila bakin ɗakin yara
na ƙirga takalma.
Biyu, huɗu, shida, takwas.
In kama ƙarfen, in sake shi,
in koma in ƙirga daga farko.